Abdu ya share mana allo

Ina ɗaga dokina ke nan sai wani hannu ya share allon gaba ɗaya.

Jiya ne a Magarya, a ƙofar gidana. Ni da Mushe Isufu, abokina tun muna lise, wato sakandare, mu kaɗai muka rage masu buga eshek, darar Turawa, a unguwarmu. Mu duka biyu Mushe ake ce mana, wato Malam. Kullum yakan jera sojojinsa a tsakiyar allo kamar katanga, ni kuma in kai musu karo gaba da gaba, in sha kashi. Sai bana na gane cewa ba a tarar katanga da ƙirji. Ka bar shi ya cika tsakiya, ya yi ta matsowa har bayansa ya buɗe, sannan ka sare shi daga gefe.

Jiya tarkon ya kama, har Isufu ya fara gumi. Ashe hannun na ɗansa Abdu ne, wanda ya zo mayar da shi Kano da zama.

"Baba, ku tashi, mota na jira. Da girmanku kuna wasan yara?"

Na ce, "Kai Abdu, ka san abin da ka watsar?"

"Itace ne kawai, Baba Mushe."

Isufu ya miƙe ya kama hannuna. "Da an bar mu, da ka cinye ni. Na gani."

Ni ba "da" nake so ba. Wasana nake so, kuma babu sauran wanda zan buga da shi.

Ku gaya mini, yaushe aka fara kwasar iyaye kamar buhun hatsi?