Fiton da Mamuda Bai Ji Ba

A Gummi, duk zabiyar da ke son muryarta ta yi zaƙi a waya, shagon Mamuda take zuwa. Kayan aikinsa ba na a zo a gani ba ne: makirfo, kwamfuta, da tsohuwar miksa, wato na'urar gyaran murya, wadda ya saita da kunnensa tun yana saurayi, ya ɗiga wa kowane maɓalli jan farce a inda ya tsaya. Ko ƙura shi kaɗai ke goge mata.

Bana sai ya fara cewa miksar ta tsufa. Ya kira Stanley, mai kaɗa fiyano a coci, wanda ya san dabarar kwashe sautinta: a tura mata fito, kwamfuta ta haddace yadda ta sauya shi. Daga nan ko ta mutu, gyaran nata yana nan.

Miksa dai lafiyarta ƙalau. Kunnen Mamuda ne ke tafiya. Ya san ranar da ta lalace ba zai iya saita wata ba, kuma wa zai kai wa kurma waƙa? Bai faɗa wa kowa ba.

Ranar aikin, Hamsatu zabiya na zaune tana jiran a ɗauke ta. Fiton ya fara da gurnani kamar injin niƙa, ya yi ta sirancewa har ta toshe kunnuwa. Mamuda ya miƙa hannu zai zare waya.

"To, an gama."

Stanley ya riƙe masa hannu. "Oga, bai ƙare ba."

Mamuda ya dubi fuskokinsu, ya janye hannun a hankali.

Hamsatu ta tuntsire da dariya. "Malam Mamuda, kai kaɗai ka ɗauka asiri ne. Tun bara ta dama nike tsaya maka in zan yi magana."

"Kuma kika ci gaba da zuwa?"

"In tahi ina? Wa zai san inda zan ja numfashi tun ban ja ba?"

Stanley ya gwada muryarta ta kwamfutar, ya gwada ta miksar. Hamsatu ta ce ba ta ji bambanci ba.

"Wane suna zan sa wa sautin nan da muka kwashe?" in ji Stanley.

"Sa Kunnen Mamuda," in ji Mamuda, yana jawo kujerarsa. "Ke kuma matso kusa da makirfo, kin cika surutu."