Tukunyar Iya a Kife Take Kwana

Duk wanda ya taso a unguwarmu a Daura, da hanci yake gane gidanmu kafin ya gan shi da ido. Kakata, wadda muke kira Iya, kunun zaƙi take yi, amma nata ba irin na kowa ba ne. Takan jiƙa dawa ta lulluɓe da buhu har ta yi tsiro, sannan ta baza tsiron a kan asabari, ta hura ƙaiƙayi da saiwar kajiji a ƙarƙashi. Ba ta son harshen wuta, hayaƙin kawai take nema. Shi ya sa kununta ke da wani ƙauri mai daɗi da ke maƙalewa a maƙogwaro. Wasu da kurɓar farko suke yatsina fuska, wasu kuwa, har da direbobin Kongolam, ba sa wucewa sai sun biyo ta ƙofarmu.

A bakin wannan murhun muke sauraron tatsuniya bayan magariba, idanunmu na ta hawaye, amma ba mai matsawa.

A shekarar da aka fara shari'a a jiharmu, aka rufe gidajen burkutu na bayan gari. Wata yamma Baffa Sale, ɗan farin Iya kuma malamin Islamiyya, ya shigo ya durƙusa gabanta.

"Iya, magana ta fara yawo. Wai tsiro da hayaƙi aikin masu burkutu ne. Jiya har a ƙofar masallaci aka yi mini habaici. Ki yi haƙuri ki bar sana'ar nan, gobe in sa a rushe murhun."

Tun rasuwar kakanmu, wannan murhun ne ke tayar da Iya da asuba, kuma na san in ya tafi, rabinta ya tafi. Ita kuwa ko kallonsa ba ta yi ba. Da yake ba ta faɗin sunan ɗan fari, sai ta juyo gare ni.

"Ke Hauwa, ce wa malamin nan ya zauna. Hayaƙi ba ya karya alwala."

Ya zauna. Ta gyara zani ta buɗe tatsuniya ta ce, "Ga wata nan tafe, ku ba ta wuri." Muka ce ta iso.

Wai a wata ƙasa mai nisa babu itace ko ɗaya, sai baƙar ƙasar fadama da ake yankawa a shanya, ta ci wuta kamar kirare. Nan muka fashe da dariya, muka ce Iya ta fara zuƙi ta malle. Ta ce wanda bai je ba, ba ya musu. A ƙasar nan wata tsohuwa ta koya wa ya da ƙanwa yin tsiro da turara shi, ta kafa musu sharaɗi guda: kada kunu ya kwana a tukunya. Ƙanwar, da rana ta yi ja, sai ta rabar da ragowar ga makiyaya da matafiya, ta wanke tukunya ta kife. Yar kuwa ta ce wannan ai asara ce. Ta rufe nata ta tura ƙarƙashin gado. Ya kwana, ya sake kwana, ya fara kumfa yana tsaki shi kaɗai. Da ta sha sai ta durƙusa tana gaida jaki, tana tambayarsa iyali. Maza suka ɗanɗana, suka manta hanyar gona.

Sarkin garin ya fusata. Ya duba, ga hayaƙi iri ɗaya yana tashi daga gidaje biyu, ya ce a rushe murhun duka. Sai ƙanwar ta faɗi gabansa ta ce, "Ranka ya daɗe, kada ka yi shari'a da hayaƙi. Ka zo da magariba ka dubi tukunya."

Iya ba ta ƙarasa ba. Ta ɗaga muciya ta nuna gindin katanga, inda tukwanenta ke jere a wanke, a kife, kamar kullum.

Baffa ya sunkuyar da kai. "Ni na sani, Iya. Mutane ne."

"To mutanen ba su da ƙafa? Hauwa, ce masa su zo gobe war haka."

Washegari ya zo da dattawa biyu. Suka tarar ana rabon ragowa, aka miƙa musu, suka shanye, suka ga an kife tukwane. Daga ranar kusan kullum sai sun leƙo, Iya tana cewa ba ta taɓa ganin bincike mai ƙishirwa irin wannan ba. Murhun bai rushe ba sai da damina ta cinye shi bayan rasuwarta.

Shekaru da yawa bayan haka, karatun hatsi ya kai ni ƙasar Sikotlan, can Turai. Aka ɗauke mu, mu ɗalibai, zuwa wani tsibiri mai iska, mu ga yadda wani tsohon gidan yin giyar wiski ke sarrafa tsiro. Farin gini ne a bakin teku. Tun daga ƙofa hancina ya riga ni shiga, na tsaya cak. A ciki ga sha'ir an baza a daɓe ya yi tsiro, wani dattijo na juya shi da shebur. A ƙarƙashin ɗakin busarwa kuma, wallahi, baƙar ƙasar fadama ce yankakkiya take ci a hankali, ba harshe, sai hayaƙi.

Dattijon ya yi mana bayani da alfaharin mai sana'a. Sha'ir zalla suke amfani da shi, ba sa gauraya nasu da na wani gida. Sukan bar ruwan tsiron ya yi tsami, su tace shi ta tururi a manyan tukwanen tagulla, su ɗura a gangunan katako ya shekara da shekaru yana shaƙar iskar teku. Ya ce nasu akwai ƙauri, da ɗan gishiri, da wari kamar na asibiti, zaƙin kuma sai daga baya. Ko dai ka so shi, ko ka guje shi. Na ce a raina, haka ake faɗa wa kunun Iya.

Aka miƙo mini wiskin a kofi, na yi godiya na ce ba na sha. Na roƙi tsiron cikin tafin hannu, na tauna ƙwaya biyu. Kewar Iya ta taso mini, na yi kuka ban ɓoye ba.

Tun ina yarinya na ɗauka tatsuniyar dabara ce kawai ta ceton murhu. A can na gane abin da take nufi. Hatsin ɗaya ne, hayaƙin ɗaya, har ƙwazon masu aikin ɗaya. Inda hanya ta rabu shi ne abin da mutum ya yi da ragowar idan rana ta faɗi.

Da na dawo na kai wa Baffa sauran tsiron a ƙulle a gefen mayafi. Ya tsufa, ido ya yi rauni. Ya sansana, na ba shi labarin abin da na gani.

"Ashe da gaske akwai ƙasar da ke cin wuta. Allah ya jiƙan Iya." Can ya ɗago. "Su ma suna kife tukunya?"

Na ce a'a, Baffa, nasu shekaru yake yi a rufe.

Ya gyaɗa kai, ya sake kai tsiron hanci. "To, 'yata, gidan yar kika je, ba na ƙanwar ba."