Ranar da Kawu Salihu Ya Je Cin Wake a Abhur

A Jidda aka haifi Abdulwahid ɗan Adamu, a wani ɗakin langa-langa da ke bayan unguwar Hindawiyya. Mahaifinsa mutumin Gumel ne, ya taho Hajji a ƙasa, ya shekara shida a hanya yana tsinkar auduga a Sudan, da ya sauke farali kuma bai sake waiwayar gida ba. Ya rasu Abdulwahid yana da shekara tara. Daga nan yayan mahaifiyarsa, Malam Salihu, ya riƙe shi. Malam Salihu shi ne limamin ƙaramin masallacin lungunsu, mutum ne mai ƙarancin magana, wanda in ya ce a'a ba ya ƙara wani abu a kai.

Abdulwahid ya taɓa sana'o'i da dama. Ya yi ga-ruwa a zamanin da ake kai ruwa gida-gida a garwa, ya yi dako a tashar jiragen ruwa har kafaɗarsa ta hagu ta sauka ba ta koma daidai ba, sannan ya samu shiga kicin ɗin wani kamfanin gine-gine. A nan hannunsa ya faɗa a girki, a nan kuma ya haɗu da Armando, wani Ba'amurke ɗan Taksas mai tuƙa motar haƙa ƙasa, wanda kullum yake ƙorafin abincin kamfani ba yaji.

A 1977 Armando ya samu kafili, wato ɗan ƙasa da zai tsaya masa a wajen hukuma, ya buɗe ɗan gidan abinci a kan hanyar Abhur, can bakin teku a arewacin gari, ya ɗauke Abdulwahid. Wurin ba wani abin a-zo-a-gani ba ne: tebur takwas da shimfiɗar leda, fanka biyu, da kaset mai kiɗan garaya irin ta ƙasarsu. Abincin kuwa rabi na kakar Armando ne 'yar Meksiko, rabi na Taksas. Gurasar masara ce siririya kamar faifai, a zuba mata niƙaƙƙen nama da dakakken wake da cuku, a yaryaɗa miyar tumatir mai barkono, a naɗe. Ƙaramar ana ce mata tako, babbar burito. Amurkawan kamfanoni ne suka fara cika wurin, sai 'yan Koriya, sai samarin Jidda masu zuwa iyo a teku. Cikin wata uku Abdulwahid ya fi mai gidan iya murza gurasar.

Maganar ta tashi ne a wajen wani suna. Wani mutumin unguwa da ya yi aikin jirgin ruwa har Amurka ya ji irin abincin da Abdulwahid ke dafawa, sai ya ce ai ya san waken nan, a can da kitsen alade ake soya shi. Bai ce ya gani a Abhur ba. Amma kafin mako ya zagayo, magana ta zama Abdulwahid na dafa alade.

Matarsa Zakiya ce ta fara ɗanɗana kuɗarta. Ta aika wa maƙwabciya kwanon dambu, aka dawo da shi ko murfin ba a ɗaga ba. Aka daina kiran ta aikin biki. 'Yarsu Mastura ta dawo daga makaranta tana kuka, wai an ce kada a sha ruwa a kofinta. Ran Juma'a, da aka fito salla, Abdulwahid ya kasa daurewa. Ya tsaya a ƙofar masallaci, gaban mutane, ya ce wallahi tallahi tun da aka buɗe wurin nan haram ba ta taɓa shiga tukunyarsa ba.

Malam Salihu yana saka takalmi a lokacin. Bai ɗago ba ya ce, "To, halas. Ran Alhamis zan je in ci."

Amma akwai abin da Abdulwahid ya sani. Wata biyu da suka wuce, wata ranar da wurin ya cika maƙil, wake ya ƙare musu da tsakar rana. Armando ya ruga gida ya kawo gwangwani goma na dafaffen wake, waɗanda wani abokinsa ya bar masa da zai koma ƙasarsu. Suka buɗe shida. Abdulwahid ya juye a tukunya, ya ɗanɗana gishiri kamar kullum, aka sayar. Huɗu suna nan a saman kanta, bayan buhun gari. Rubutun jikinsu na Turanci ne, shi kuwa Larabci kawai yake karantawa. Yana cikin rantsuwar nan suka faɗo masa a rai, amma bakinsa ya riga ya yi nisa.

Ran Laraba ya tambayi Armando zancen gwangwanayen da ɗan Larabcin da suke fahimtar juna da shi. Armando yana fama da fankar da ta tsaya, ya kaɗa hannu daga kan kujera ya ce, "Mafi mushkila," wai ba matsala, "wake ne kawai." Ko waiwayowa bai yi ba.

Da la'asar Abdulwahid ya zuba gwangwanayen a buhu. Teku na nan taku ɗari biyu daga bayan kicin. Ya kai har bakin ƙofa ya tsaya, ya dawo, ya ajiye buhun ƙarƙashin tebur, ya tafi gida. Yana cin abinci ya gaya wa Zakiya komai.

Ta ce, "Abu Mastura, ka san abin da ke ciki?"

"Ban sani ba."

"To in ka jefar a teku, ka sani ke nan."

Da safe ya mayar da su inda suke.

Bayan azahar suka iso a tasi, Malam Salihu da farar jallabiya da sandarsa, tare da Idris, wani magidanci ɗan unguwa da ke aikin rubutu a tashar jiragen ruwa, mai jin Turanci. Abdulwahid ya hango Idris ta ƙofar kicin. Bai san da shi za a zo ba.

Tebur uku ne da mutane. Wasu Amurkawa biyu da jajayen wuya suna ci da hannu, miya na zuba musu a gwiwar hannu. Armando ya kashe kaset da kansa, ya goge kujerar da ke ƙarƙashin fanka, ya ce, "Ahlan, ya shekh." Malam Salihu ya amsa da kai. Ya zauna ya dubi bango, ya dubi wata faffaɗar hular kaba da aka rataye don ado, ya dubi kwalaben yaji a kan tebur.

Abdulwahid ya kawo abinci da hannunsa: burito biyu, tako huɗu, soyayyen ɓarin gurasa da kwanon miya ja, da ruwan sanyi. Tururi na tashi. Malam Salihu ya wanke hannu, ya naɗe hannun riga, sai ya ɗora tafinsa a gefen faranti.

"Idris, shiga ka duba mana. Ni idona ba ya ganin ƙananan rubutu."

Kicin ɗin ƙarami ne, mutum biyu sai sun goga kafaɗa. Idris ya bi komai a nutse. Ya buɗe firiji ya ga naman sa da tambarin mayanka a jiki. Ya shinshina man shanu, ya ɗaga kitsen wutsiyar rago da ake soya wake da shi, ya tsoma hannu a buhun ɗanyen wake. Ya karanta gwangwanin tumatir, ya karanta ledar cuku. Bai ɗaga kai sama ba, don shi gajere ne, kantar kuma tana bayan ƙofa.

"Tayyib," in ji shi, yana goge hannu. "Ni ban ga komai ba. Mutane dai da baki."

Ya juya zai fita. Taku uku ne tsakanin Idris da ƙofa, in ya fita shi ke nan, Kawu zai ci, gobe a faɗa a masallaci, Mastura ta koma makaranta da kofinta.

"Dakata, Idris."

Ya taka akwati, ya ture buhun gari, ya sauko da gwangwanayen ɗaya bayan ɗaya. Bai miƙa wa Idris a nan ba. Ya rungumo su ya fito, ya jera su a kan tebur gaban kawunsa, kusa da abincin.

"Kawu, akwai waɗannan. An taɓa dafa irinsu sau ɗaya. Ban san abin da ke ciki ba."

Idris ya ɗauki ɗaya ya juya bayansa, ya matsa kusa da taga. Yatsansa na bin layi, leɓɓansa na motsi. "Wake. Ruwa. Gishiri." Sai yatsan ya tsaya a kan wata gajeriyar kalma. Ya ɗauki na biyu ya duba, ya ajiye. Ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Kitsen alade ne, Malam."

Armando bai ji Hausa ba, amma ya ga fuskoki. Ya ɗauki gwangwanin ya karanta, ya jawo kujera ya zauna ba tare da an ce ya zauna ba. Kowa a wurin ya san abin da kalmar nan za ta iya jawowa: a rufe wurin, a karɓe iƙamarsa, takardar izinin zamansa a ƙasar, a sa shi a jirgi. Ya fara magana da sauri da Turanci. Idris ya ce, "Wai bai karanta ba. Wai a gidansu haka ake saya, bai taɓa dubawa ba." Sannan ya ƙara nasa: "Malam, wannan magana ta hukuma ce. Musulmi nawa suka ci?"

Malam Salihu bai dubi Idris ba. Abdulwahid yake kallo.

"Ka ci?"

"Na ɗanɗana, Kawu."

"Ka sani a lokacin?"

"Ban sani ba."

"Wanda ya ci bai sani ba, babu komai a kansa, kai da su duka." Fanka na juyawa a sama, Amurkawan nan sun daina tauna. "Ran Juma'a da ka rantse, ka tuna da waɗannan?"

Abdulwahid ya so ya ce a'a. Ba mai iya ƙaryata shi. Ya dubi farantin da ke hucewa.

"Na tuna."

Tsohon ya rufe ido. Abdulwahid ya fi shekara talatin yana ganin fushin kawunsa, bai taɓa ganin wannan ba, don ba fushi ba ne.

"Wannan ita ce babba, Abdu. A inda ka rantse, a nan za ka warware. Gobe."

"Kawu, Zakiya da yara..."

"Gobe."

Sai ya juya ga Idris. "Gaya wa mai gidan nan, ni ba zan kai shi ko'ina ba, kai ma ba za ka kai shi ba. Da ɓoyewa suke so, da ba ka gani ba. Amma a haƙa rami a binne waɗannan yanzu, a wanke tukunyar da ta dafa su, kuma daga yau duk gwangwanin da zai shigo sai mai karatu ya karanta." Idris ya buɗe baki, ya ga idon Malam, ya fassara. Armando ya dafa ƙirji yana ta gyaɗa kai.

"Wannan na gabana fa, da me aka yi shi?"

"Ɗanyen wake ne, Kawu, ni na jiƙa shi jiya. Da kitsen rago. A sabuwar tukunya."

Malam Salihu ya yi bismilla. Bai san yadda ake riƙe burito ba, sai ya warware shi a faranti kamar mai kwance ƙunshin goro, ya gutsuri gurasar ya dangwali wake da nama. Ya tauna a hankali. Ya ɗebi miyar ja fiye da kima, hawaye ya cika masa ido, ya sha ruwa, ya sake dangwala. Ya cinye rabi, ya ci tako guda.

"Masara da wake ne ashe," in ji shi. "Don wannan ake hawa mota har Abhur." Idris kam ruwa kawai ya sha.

Washegari Abdulwahid ya tsaya a ƙofar masallaci ya faɗi abin da ya faru, bai rage ba. Sai da ya maimaita tsakiyar maganar don na baya ba su ji ba. Mutane suka saka takalma suka watse.

Abin bai wuce da sauƙi ba. Akwai gidaje biyu da ba su sake cin abincin Zakiya ba har suka tashi daga unguwar, kuma ta yi kusan wata ba ta yi wa mijinta doguwar magana ba, ko da yake ita ta hana shi zuwa teku. Mutumin jirgin ruwan nan ya riƙa cewa ai ya faɗa. Amma limamin unguwa ya ci a wurin, kowa ya ji, don haka sannu a hankali wasu suka fara leƙawa in sun je Abhur aiki, direbobi da masu gadin gidajen bakin teku. Idris ya riƙa biyawa duk ranar da kaya suka zo, yana karantawa yana ɓata rai, har ranar da aka gan shi da tako a hannu.

A ƙarshen 1979 Armando ya koma ƙasarsu saboda rashin lafiyar mahaifiyarsa, kafilin ya mai da wurin shagon kayan kamun kifi. Abdulwahid ya samu aiki a kantin cin abinci na wata masana'antar bututu a kudancin gari, inda yake dafa wa mutum ɗari biyu shinkafa da kaza kullum. Ran Alhamis kawai yake murza gurasar masara, in ya samu gari mai kyau. Leburori 'yan Pakistan suna cewa yajin bai ji ba, 'yan Masar suna cewa ya yi yawa. Ya yi shekara goma sha ɗaya a wurin kafin gwiwa ta hana shi tsayuwa.