Abin da Orrin Ya Yanke da Reza

Duk cikinmu masu bin wasu shahararrun makaɗa gari-gari muna ɗaukar wasansu a kaset, babu mai tsanani irin Orrin Haskell, kafintan unguwarmu a garin Eugene. Dokarmu ɗaya ce: ba a sayar da kaset, ka aiko da wanda babu komai a ciki a kwafa maka. Orrin ya ƙara tasa. In ya kafa doguwar sandar makirfonsa, ko tari ya taso maka sai ka haɗiye abinka. Ni kaina wata biyu ya yi ba ya gaishe ni saboda atishawa ɗaya.

A gindin sandar nan ya haɗu da matarsa Marlys, a wani wasan rana a fili, shekarar 1978. Makaɗan sun yi nisa, sun fi minti ashirin suna jan waƙa ɗaya, sai ga budurwa ta matso tana tambayarsa ko kifi yake kamawa da sandar, ta kwashe da dariya. Shekara ashirin tana ba mu labarin nan, kullum ta ƙare da cewa ai muryarta na nan cikin kaset ɗin Orrin. Shi kuwa sai ya yi murmushi ya tashi ya shige gareji.

Da ta rasu, 'yarsu Corinne ta so a sa muryar uwar ranar taron tunawa da ita. Kaset dubu biyu ne a gidan, amma ba wanda ya taɓa tunanin ɗaukar muryar Marlys. Saura na 1978 kaɗai. Orrin ya ƙi tashi daga kujera, sai ni na ɗauko na sa. Muka kasa kunne. Daidai wurin sai muka ji ƙit, kiɗan ya yi tsalle ya ci gaba. Na ciro kaset ɗin na duba, ga haɗin salatif nan.

"Baba, ina Mama?" in ji Corinne.

"Ta ɓata min waƙar ne," ya ce, kansa a ƙasa. "A makon da muka haɗu na yanke muryarta da reza. Ban san zan aure ta ba."

Na so in zage shi, amma na san hannuna ma ya sha yin irin wannan yankan. Mu a wajenmu gyara ne.

Na rubuta wa duk wanda muka taɓa musayar kaset da shi, tun daga Seattle har Vermont. Kowa ya amsa, kuma kowa nasa yankakke ne, domin Orrin ba ya barin kaset mai surutu ya fita daga hannunsa. Har mun fid da rai, sai ga kaset a cikin ambulan daga garin Boise, daga Leland Voss, mutumin da Orrin ya daɗe yana yi wa ba'a cewa kasuwa yake ɗauka ba kiɗa ba. Ashe ran nan a bayan Orrin da Marlys yake tsaye da 'yar rikodarsa a hammata.

Muka sa. Hayaniya, kukan jariri, wani yana cigiyar karensa. Can ƙarƙashin jita sai ga wata siririyar murya tana tambayar kifi, sai dariyar nan da duk muka sani. Corinne ta toshe baki.

Orrin ya sauko ya durƙusa, ya manna kunne a jikin sifika. Ya sa na mayar baya har sau biyar. Wurin fa shi ne wanda ya sha rantse mana cewa mai jitar bai taɓa kaɗa irinsa ba, kafin ran nan ko bayansa. A na shida ya ɗago, ido jawur, ya daki sifikar da tafin hannu.

"Wai mai jitar nan ba zai yi shiru ba ne? Ba ya jin tana magana?"