Buzun da ya ƙi karɓar ruwa

Jama'a, kar wanda ya bi hanyar Agadas yau!

Da safe muka bar Arlit, ba mu jira rakiyar sojoji ba. Direbanmu Alhaji Gumar yana da al'ada: akwai wani tsohon Buzu mai raƙuma kusa da mararrabar Imuraran, kullum sai ya tsaya ya cika mai bidon ruwa, wato jarka.

Yau tsohon ya ƙi karɓa! Ya leƙo ta taga, ya ce, "Alhaji, ku juya. Mutum huɗu a kan babura sun tambaye ni farar mota mai koren tanti."

Tamu ke nan!

Alhaji ya waiwayo. "Wa ya faɗi tafiyarmu?"

Na sunkuyar da kai. Wallahi ni ne. Na ɗauki hoton motar a tasha, na sa a sitatus, har na rubuta "Agadas sai mun zo".

Muka juyo a guje. Muna shigowa gari waya ta samu layi, saƙo ya faɗo daga lambar da ban sani ba, har da sunana:

"Malam Sani, me ya sa kuka koma?"