Ranar da Tarun Kawu Ya Kama Alƙalin Wasa

Yanzu na kai shekarun da nakan manta inda na ajiye hulata alhali tana kaina, amma ranar da tarun kawuna ya kama 'yan ƙwallo har da alƙalin wasa, wannan kam sai dai a binne ni da ita. Abin da ya taso min da zancen shi ne kwanan baya jikana ya zo yana nuna min wata ƙungiyar ƙwallo a wayarsa, ta wani ɗan ƙaramin gari a ƙasar Albaniya, wai daga ƙauye suka taso har suka kai ga karawa da manyan ƙasarsu. Yaron sai zuzuta su yake yi. Na tambaye shi, da raga nawa suka fara? Ya ce ai biyu ne, kamar kowa. Na ce to gyara zama, mu da guda ɗaya muka fara.

A shekarun saba'in ne, bayan an tare ruwan Tiga ya cinye garuruwa. Namu yana ciki. Sunansa Tudun Marke, gari ne na manoma, kuma har yau yana can ƙarƙashin ruwa da rijiyoyinsa da kushewun kakanninmu. Aka kwaso mu aka zube a wani sabon wuri a bakin dam, aka ce sunansa Sabuwar Unguwa. Mutanen babban garin da ke bakin titi kuwa ko wannan sunan ba su kira, 'yan gudun ruwa suke ce mana. Abin yana mana ciwo ƙwarai, musamman mu samari, don ko kasuwa ka je ka ce daga Tudun Marke kake, sai wani ya tambaye ka ko da ninƙaya ka zo.

Wani malamin firamare da aka turo mana shi ya kawo ƙwallo. Ya tara mu ya koya mana, muka kafa ƙungiya, muka sa mata sunan tsohon garinmu. Ni a baya nake bugawa, ba don na iya ba, sai don ina da faɗin ƙirji kuma ba na jin zafin shuri. Ana nan sai labari ya zo cewa za a yi gasa a Kano, kuma ƙungiya ɗaya tak za a ɗauka daga yankinmu. Aka ce mu kara da 'yan bakin titi. Wanda ya ci, da sunansa za a tafi. Wanda aka ci, a rushe shi, a tsinci masu ɗan dama a cikinsa a haɗa da ɗayan. Wato in muka faɗi, wuri na ƙarshe da ake kiran Tudun Marke da babbar murya shi ma ya tafi.

Fili kam mu ke da shi. Da rani ruwa yakan janye ya bar shimfiɗaɗɗen wuri a bakin dam, don haka aka ce a wurinmu za a yi. Sharaɗi ɗaya aka kafa mana: dole a sa raga a bayan kowane gola. Mu kuwa gorori kawai muke kafawa, ƙwallo in ta wuce sai a yi ta musu har magariba.

A duk unguwar mutum ɗaya ne ke da raga mai girman da za ta isa, shi ne Kawu, yayan mahaifiyata. Da can manomi ne da ake ji da shi. Da ruwa ya ci gonarsa sai ya koma su, ya sayi taru, wato doguwar ragar nan da ake zagaye kifi da ita, mutane su kama igiya ta kowane gefe su ja zuwa tudu. Tun da muka tashi Kawu bai ƙara ambaton tsohon garinmu ba, kuma in aka soma zancen sai ya ɗauki butarsa ya bar wurin. Ƙwallo kuwa ya tsane ta kamar ciwon haƙori.

Na je na durƙusa na gaishe shi, na soma bayani. Ko rabi ban kai ba ya katse ni.

"Kai, rufe min baki. Ƙatti da gemu kuna bin fatar akuya a rana, shi ne za ka zo min da dogon zance? Tarun da nake ci da iyali da shi?"

Sai da mahaifiyata ta sa baki sannan ya yarda, shi ma da sharuɗɗansa. Ba za a yanka masa taru ba ko da zare ɗaya, kuma shi da kansa zai zo ya riƙe igiyarsa har a tashi. Dalilin wasan kuwa bai bari an gaya masa ba.

To ga raga ɗaya, ga gola biyu, ga ba yanka. Malaminmu ya yi ta kai da kawo yana shafa haɓa, can ya ce ya samo dabara. Muka rataya gefe ɗaya na tarun a gorar gabas, muka rataya ɗaya gefen a gorar yamma, tsakiyarsa kuma muka bi da shi ta bakin ruwa muka ɗora a kan turaku. Igiyoyin biyu suka fito ta wajen tudu, inda 'yan kallo za su zauna. Malam har yana yaba kansa, wai ga raga ga kuma shinge, ƙwallo ba za ta faɗa ruwa ba. Babu wanda ya lura a cikinmu cewa mun shimfiɗa tarun nan daidai yadda ake shimfiɗa shi in za a ja kifi.

Ranar wasa bayan la'asar 'yan bakin titi suka iso a bayan babbar mota, da riguna iri ɗaya da takalma. Mu kuwa kowa da irin singiletinsa, ƙafa a ƙasa. Alƙalin wasa ya zo a babur daga ofishin yanki, wani gajere mai tumbi, farar riga, farin gajeren wando, farar safa har gwiwa. Yana sauka ya toshe hanci, don ƙarnin kifin da ke tashi daga tarun nan har shirwa ya tara a sama. Ya zagaya ya duba, ya ce bai taɓa ganin irin wannan shirme ba. Malam ya lallaɓa shi, da ƙyar ya yarda ya busa usur.

Duk unguwarmu ta fito, har dattawan da ba su taɓa ganin ƙwallo ba. Kawu ya zauna a gabas ya naɗa igiya a wuyan hannunsa, ya juya wa filin baya don kada a ce ya yi kallo. Abokan sunsa suka zauna a wajen igiyar yamma.

Gaskiya a zagayen farko mun sha wuya. Sun fi mu iyawa nesa ba kusa ba. Abin da ya cece mu yashi ne, don takalmansu nutsewa suke yi, mu kuwa a nan muka saba. Ni dai abin da na sani, duk wanda ya nufo ni da ƙwallo, ko ita ta wuce ko shi ya wuce, amma ba duka biyun ba. Haka aka tafi hutu babu ci.

Da aka dawo aka sauya gida, mu ke kai hari gabas, wajen Kawu. Shi kuwa bawan Allah tun asuba yana kan ruwa, ga iska mai sanyi tana kaɗawa, ashe barci ya kwashe shi a zaune. Can wasa ya yi nisa sai ɗan gabanmu, wani siriri da ko tuwo ba ya zama a jikinsa, ya samu ƙwallo ya rufe ido ya ɗirka mata ƙafa. Ta wuce golansu ta daki raga da ƙarfi.

Igiya ta fizgi hannun Kawu.

Masunci in ya ji igiya ta fizge shi cikin barci, ba ya tsayawa tambaya. Kawu ya zabura ya miƙe, ya kafa ƙafa, ya kwarma ihun da yake yi kullum a bakin ruwa: "Ku ja! Ku ja! Babba ne!"

Abokansa na yamma da suka ji muryarsa, hannuwansu suka kama igiya kafin hankalinsu ya iso. Dattawan da ke kusa suka ɗauka haka ake yi in an ci ƙwallo, suka tattare riguna suka kama. Yara suka kama, har mai rake ya ajiye wuƙarsa ya kama. Na baya ba ya ganin abin da ke gaba, shi dai ya ji ana ja yana ja, ana waƙar jan taru ana buga ƙafa.

Ni ina tsakiyar fili ina tsalle ina murna, sai na ga gorar gabas ta kwanta, ta yamma ma ta bi ta. Na waiga, na ga raga ta taso daga bakin ruwa ta nufo mu kamar bangon gida yana tafiya. Muka kwasa da gudu, amma ta ina? Gefe da gefe sun riga sun haɗe. Haka ta tattaro mu, mu da su, aka dunƙule wuri ɗaya, ƙafar wani a wuyan wani. Ni kaina na samu kaina kwance a kan kyaftin ɗinsu, hancinsa a cikin kunnena. Alƙalin wasa yana can ƙasan tarin, usur a baki, duk numfashin da ya ja sai ya yi ƙara. Jin ƙarar sai masu ja suka ɗauka ƙarfafa musu gwiwa ake yi, suka ƙara himma.

Sai da aka kawo mu har gaban dattawa sannan Kawu ya buɗe ido sosai ya ga abin da ya kamo. Ya tsaya baki buɗe. Wani tsoho mai raunin gani ya leƙo ya ce, "Masha Allah, wannan farin na tsakiya ya yi ƙiba."

Filin nan ya kece da dariya, har su 'yan bakin titi suna yi daga cikin raga. Mutum ɗaya ne bai yi ba. Da aka zaro alƙalin wasa, fararen kayansa sun koma kalar laka, ɓawon kifi manne a goshinsa, takalmi ɗaya babu. Ya fusata ƙwarai. Ya ce ƙwallo ta shiga, ya gani, amma ba zai ƙara busa usur a cikin tarkon nan ba. Ko a kawo raga biyu, kowace daban, kafin rana ta faɗi, ko ya tashi wasa ya ba baƙi nasara, tunda mu ne muka kasa cika sharaɗi.

Dariya ta ɗauke. Na ji hawaye yana neman zubo min a gaban mutane. Kawu yana tsugune yana duba tarunsa ko ya yage, ya ɗago ya ga fuskokinmu.

"To mene ne abin kuka? Ku ba su mana, kowa ya tafi gida."

Na ce, "Kawu, in aka ba su, an rushe mu ke nan. Da sunansu za a je Kano."

"Ku da wane suna za ku je?"

"Tudun Marke, Kawu."

Ya dubi ruwan nan, can wajen da garin yake a da, ya daɗe yana kallo. Sannan ya juya wajen alƙalin wasa.

"Malam, in suka ci, a Kano za a kira sunan nan? A gaban jama'a?"

"Za a kira, Baba. Har a rediyo ma wataƙila."

Kawu ya miƙa hannu wajen mai rake ya karɓi wuƙa, ya auna tsakiyar tarun da ya ce ko zare ɗaya ba za a taɓa ba, ya raba shi biyu da hannunsa. Ina jin ƙarar zaren nan yana tsinkewa har cikin ƙirjina. Ya jefo mana ya ce, "Ku kafa. Kuma wallahi duk wanda ya bari aka ci shi, kada ya kwana a unguwar nan."

Sauran wasan ban san yadda zan kwatanta shi ba. Kawu ya juyo ya fuskanci fili, yana ihu yana ba da umarnin da ba shi da alaƙa da ƙwallo ko kaɗan, wai mu zagaye su ta gefen ruwa, wai mu riƙe ƙasa kada su zille. Mu kuwa muka tsare gida kamar rayukanmu ne a ciki. Da aka busa tashi muna da ɗaya suna nema, Kawu ne ya riga kowa shiga fili, da rawaninsa a hannu.

Daga nan ƙungiyarmu ta kama hanya. Mun je Kano an lallasa mu, amma mun koma wata shekarar mun ɗan taɓuka, har ta kai samarin bakin titi suna zuwa neman a ɗauke su. Sannu a hankali mutane suka daina cewa 'yan gudun ruwa, suka koma cewa 'yan Tudun Marke, har direbobi a tasha suka riƙa kiran unguwarmu da sunan. Ranar da aka fara faɗin sakamakon wasanmu a rediyo, muna zaune a ƙofar gidan Kawu muna taya shi ɗinke tarun. Mai labarai ya ce an ci Tudun Marke. Muka sunkuyar da kai don kunya. Kawu kuwa ya ajiye zare, ya goge ido da bakin riga, ya ce, "Kun ji? Ya faɗe shi daidai."

Abin da na koya a ranar nan shi ne, dattijon da ya daina ambaton abu ba mantawa ya yi ba, ciwon ne ya fi ƙarfin bakinsa, kuma da mun daure mun gaya masa tun farko da ba a kai ga jan alƙali a cikin laka ba. Na kuma koyi cewa ruwa yana iya cin gida da gona, amma sunan gari ba ya nutsewa muddin akwai masu kiransa. Sai na ƙarshe, wanda na fi nanata wa jikana: komai rintsi, kada ka ba mai gyangyaɗi riƙon igiya.