Maiƙon da na karanta a takardar daktor

Jama'a, yau karatuna na Ajami ya kā da ni!

Hajiyata, uwargidana, ta yi sati uku tana tari. Tun farko daktor a nan Umdurman ta Sudan ya rubuta mata takardar magani da Larabci. Na karanta farkon kalmar, na ga "maiƙo". Na ce maiƙo ne ya toshe ƙirji. Na hana ta cin mai, ban karɓo maganin ba.

Yau numfashi ya gagara, muka koma.

Daktor ya ce, "Ya Hajj, maikobilazma ce! Ƙwayar cuta ce mai sa nimoniya. Mutum yana yawonsa tana cin huhunsa. Yanzu huhunta duka biyun sun kamu."

Innalillahi! Aka sa mata oksijin. Ta jawo hannuna, ta ce, "Malam, kada yara su ji kai ne."